Ladar Mai Kisra

Katikis ba ya ɗaura aure, wannan aikin fasto ne. Amma fasto yakan iso ne ranar biki da hantsi, ya sa albarka, ya ci abinci, ya nemi motar komawa Wad Madani tun rana ba ta faɗi ba. Sauran abin da ya rage, wato inda za a zauna, da abin da za a ci, da wanda zai kawo ruwa, da wanda za a biya, duk a wuyan katikis yake, shi da dattawa biyu ko uku da matan zumunta. Domin haka nake so in yi magana da 'yan'uwa na Nijeriya da Nijar a kan wani sashe na shirin biki wanda ban cika jin ana wa'azi a kansa ba, wato yadda muke yi da mutanen da suke yi mana aikin bikin.

Bari in fara gaya muku inda muke. Wad Haddad gari ne a kudancin jihar Jazira ta ƙasar Sudan, kusa da kogin Shuɗin Nilu, a kan hanyar da ta tashi daga Wad Madani zuwa Sinnar. A wannan yanki akwai ƙauyuka da zangunan ma'aikatan gona, waɗanda a nan ake ce wa kambo, kuma a wurare da dama Hausa ake ji. Kakannin waɗannan mutane waɗansu mahajjata ne da suka taso da ƙafa daga ƙasar Hausa, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba, har tsayawa ta zama zama. Waɗansu kuwa sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda Turawa suka kashe a Burmi a 1903. Garin da ya kafa kudu da Sinnar har yau Mai Wurno ake ce masa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, sai aikin tsinkar auduga ya jawo waɗansu kuma.

Hausawan nan Musulmi ne. Mu masu bi kaɗan ne ƙwarai. Yawancinmu iyayenmu sun zo aikin gona ne daga Duwatsun Nuba ko daga Kudu, muka tashi tare da 'ya'yan Hausawa har harshensu ya zama namu. Bayan da Kudu ta zama ƙasa dabam a 2011, da yawa suka koma, muka ƙara raguwa. Ba mu da ginin da zai ɗauki mutum ɗari, saboda haka a fili muke biki, a ƙarƙashin darbejiya. Kusan duk wanda zai sayar mana da wani abu ko ya yi mana wani aiki kuwa maƙwabci ne, Musulmi.

Ranar biki ƙasa ce take zaɓenta, ba amarya ba. Ƙasar Jazira baƙar laka ce. Daga Yuli zuwa Satumba, in ruwa ya sauka, jaki ma da ƙyar yake zare ƙafarsa, balle motar da ta sauka daga kwalta, ga kuma sauro daga magudanan ruwan gona. Kafin damina akwai zafi da guguwar ƙura wadda ake kira habub, wadda za ta iya rufe tire arba'in na abinci da ƙasa kafin a gama addu'a. Sai dai tsakanin Nuwamba da Fabrairu, an yanke dawa, akwai hatsi a ɗaki, gari ya yi sanyi. A lokacin iska daga arewa take busowa, don haka murhu a kudu da wurin zama ake kafa shi, in ba haka ba baƙi su sha hayaƙi. Muna kuma duba watan azumi. Ba ma yin biki da rana a cikinsa, gama maƙwabta ba za su ci ba, kuma rashin tausayi ne a tsayar da mace mai azumi a gaban wuta tun safe.

Waɗannan duka masu sauƙi ne. Inda wahala take shi ne wajen kuɗi.

Akwai masu aikin biki iri biyu. Na fari shi ne mutumin cikin gari, mai ba da hayar babbar rumfar tanti da ake ce wa siwan, da kujerun roba, da mai janareta da lasifika. Wannan ba ya kunyar kowa. Yana da littafi. Zai faɗi kuɗinsa, ya karɓi kafin alƙalami, ya ƙirga kujeru wajen saukewa, ya sake ƙirgawa wajen ɗauka, wadda ta karye kuma a biya. Ban taɓa ganin uban ango ya ce masa ya dakata sai an huta da biki ba. Ban ga laifinsa ba kuwa, sana'arsa yake tsarewa.

Na biyu su ne mutanen kambo, kuma a cikinsu ba wanda ya kai mai kisra wahala. Kisra ita ce abincin ƙasar nan. Ƙullun dawa ne da ya kwana ya yi tsami, ana zuba shi a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, a baza da guntun kaba har ya zama kamar takarda, a ɗaga nan da nan, a sake zuba wani. Ku ɗauka kamar sinasir ne wanda ba shi da kauri ko kaɗan. Mutum ɗaya yakan cinye falle da yawa da miyar busasshiyar kuɓewa bai sani ba. To, ku lissafa na mutum tamanin. Mace za ta zauna a ɗan kujera tun kafin kiran asuba, fuska a wuta, hayaƙi a ido, har rana ta take. Bayan ita akwai yaron da yake kawo ruwa a ganga bisa keken jaki, wanda ake ce wa karo. Akwai mahaucin da zai yanka rago, gama dole Musulmi ya yanka in muna so maƙwabta su ci tare da mu. Akwai mai agashe, wato tsiren da Hausawa suka koya wa Sudan har aka san shi da sunansa na Hausa a Khartum. Akwai mai godo-godo, wadda ita ce furarmu ta nan, da mai lalle, da mai shayi.

In ka tambayi ɗaya daga cikin waɗannan nawa za a ba shi, amsar ɗaya ce: “Haba Malam, ai bikinmu ne. Duk abin da ya samu.” Magana ce mai daɗi, da zuciya ɗaya kuma ake faɗinta. Amma a ƙarƙashinta ne ake cin hakkin mutane. Tun da ba a yanka kuɗi ba, ba wanda ya sa shi a lissafi. Ranar biki kuɗi ya ƙare a wurin mai siwan da mai janareta, sai a ce da ita, “Inna, bari ƙura ta lafa.” Ƙurar kuwa ba ta lafawa, gama bayan biki bashi ne yake biyowa.

Na san wata gwauruwa da ta yi kisra a bikin wani ɗan ikkilisiyarmu a farkon 2021. Uban ango mutumin kirki ne, ba ya fashin sujada, ya kuwa biya mai siwan cif tun kafin a kafa rumfa. Ita ba ta ga kuɗinta ba sai gab da damina. A watan Fabrairu na wannan shekara gwamnati ta karya darajar fam ɗin Sudan, dala ɗaya ta tashi daga fam 55 zuwa wajen 375 a farashin hukuma, kuma a shekarar tsadar kaya ta haura kashi 300 cikin 100. Abin da aka miƙa mata a ƙarshe bai sayi rabin dawar da zai saya a ranar biki ba. Ba ta ce uffan ba, ta yi godiya, ta sa albarka. Amma da wani biki ya taso muka aika mata, sai ta ce bayanta yana ciwo. 'Yarta ce daga baya ta gaya wa mai ɗakina gaskiyar magana a bakin ruwa. Ku tuna fa, matar nan ba ta taɓa shiga sujadarmu ba. Abin da ta sani game da Kiristoci shi ne abin da ta gani a wannan biki.

Tun a Shari'ar Musa an hana ladar ɗan ƙodago ta kwana a hannun wanda ya sa shi aiki, maƙwabtanmu ma suna da irin wannan gargaɗi a addininsu. Ba sabuwar koyarwa ba ce. Abin da yake da wuya shi ne yadda za a sa mai kunya ya faɗi kuɗinsa.

Yadda muke yi yanzu shi ne, tun kafin a fara shelar aure ta Lahadi uku, mukan zauna da iyayen ango da na amarya, mu rubuta sunan kowane mai aiki, na kambo a sama, na cikin gari a ƙasa. Wajen mata ba namiji yake zuwa ba, gama mace ba za ta yi ciniki da katikis ba ko za a kwana. Matan zumunta ne suke zuwa, su ma ba sa tambaya kai tsaye. Sukan yi taɗi, su ce, “Inna, in kasuwa ta yi kyau, nawa kike tashi da shi a yini?” Daga nan an san abin da za ta rasa a kwana biyun da za ta ba mu. Sai a daidaita sauran: garin na wa, itacen na wa, wa zai kawo yarinyar da za ta taya ta. Waɗansu sun fi son a ba su rabi da dawa, domin dawa ba ta zubewa kamar fam. Kuɗin kowa ana ƙulla shi dabam a ƙyalle, a ba wata dattijuwa ta riƙe, ita kuwa ba ta kwancewa ko ango ya zo yana kuka cewa man janareta ya ƙare. Kafin a kai amarya, an sallami kowa.

Wani dattijonmu bai yarda da wannan ba, kuma maganarsa tana da nauyi. Ya ce mun mayar da zumunci ciniki. A Sudan akwai al'adar buɗe takarda a wurin biki, ana rubuta gudummawar kowa domin a rama masa ran nasa, kamar yadda matan Hausa suke yi wa juna biki. In ji shi, mai kisra ma gudummawarta ke nan, biyanta kuwa kamar ce mata bare ne. Ni ina ganin akwai bambanci. Gwaggon amarya da ta yi girki gudummawa ta yi, ran bikin 'yarta za a je a yi mata. Amma matar da da wannan ƙarfen take ciyar da marayu, ranar da ta ba mu abincin 'ya'yanta ta ba mu, mu kuwa ba mu da yawan da za mu rama mata. In tana so ta yi kyauta, a fara sa kuɗin a hannunta. Sau da yawa na ga sun cire wani abu daga ciki sun ce a kai wa amarya. Wannan ita ce kyauta, gama ita ta zaɓa.

In kuɗi bai isa ba, daga siwan ake ragewa. Inuwar darbejiya da rumfar tabarmi da buhuna sun isa, in dai wani ya je kwana ɗaya kafin biki, a daidai sa'ar da za a taru, ya ga inda inuwa take faɗuwa. Gadajen igiya da tabarmi kowane gida zai ara. Abinci da ruwa ne ba a ragewa, domin biki a fili ba shi da ƙofa, duk wanda ya zo wucewa baƙo ne. Nakan tuna da auren Kana ta Galili, inda aka cika randuna shida na dutse da ruwa. Mukan yi wa'azi a kan ruwan inabin, amma ni da na san nauyin ganga, hankalina yakan tafi wurin waɗanda suka yi jigilar.

Yaƙin da ya tashi a Afrilu 2023 ya iso mu a Disamba na shekarar, sa'ad da mayaƙan RSF suka shiga Wad Madani suka bazu cikin Jazira. Mutane suka watse, waɗansu Sinnar, waɗansu Gadarif, waɗansu Kasala. A Janairu 2025 sojoji suka karɓe Madani, aka fara dawowa kaɗan-kaɗan. Waɗanda suka dawo da yawa sun tarar an kwashe musu kaya. Wanda muka saba hayar kujerunsa ba shi da ko ɗaya. Amma matasa ba su fasa aure ba, mai kisra kuma tana nan da ƙarfenta. Sai dai wata wahala ta ƙaru. Takardar kuɗi ta yi wuya, ciniki da yawa ya koma ta waya, ta manhajar Bankak, su kuwa tsofaffin nan ba su da irin wayar. Don haka tun da makonni iyalin ango sukan tura wa ma'ajin ikkilisiya kuɗi ta waya, shi kuma ya ba su takardun da suka shigo a baiko, a yi ta tarawa har ƙullin kowa ya cika.

Yaron ruwa kuwa, jakinsa yana cikin abin da aka kora. Yanzu hayar jakin wani yake yi, rabin abin da ya samu na mai jaki ne. A bikin da muka yi na baya ya yi sahu tara, rabin ladar kuwa ya miƙa wa mai jaki a gabanmu. Akwai wani biki da muke shiri bayan kaka, dattawa kuma har yanzu ba su daidaita ba ko da ganga za a biya shi, ko da yini.