Fitila Da Tsakar Rana

Babu abin da ke sa 'yan kallo su yi wa mai ɗaukar hoto dariya kamar su ga ya kunna fitilar kyamara alhali rana na tsaka. Sai ka ji ana cewa wannan ɓarnar batir ce, hasken Allah ai ya ishi kowa. Amma akwai wani dattijon mai hoto a Zariya da ya daɗe da daina kula wannan ba'a, domin ya san babu lokacin da fuskar mutum ta fi bukatar taimako irin sa'ad da rana ta take.

Aikinsa ya fi yawa ran Salla. An sauko daga idi, iyali sun jeru a ƙofar gida wajen ƙarfe 11 ko 12, maigida na zaune da farar babbar riga da rawani, mata na tsaye bayansa, yara sun durƙusa a gaba. A wannan lokaci haske daga bisa yake zubowa, saboda haka rawani da goshi sai su jefa wa idanu inuwa, su zama kamar ramuka. Har ila yau ma'aunin haske na cikin kyamara yakan ruɗe da farin shadda, ya rage hasken hoton duka. Sai aikin riga ya fito tas, fuskar mai rigar kuwa ta dushe.

Wannan shi ne abin da dattijon ba ya yarda da shi. Sau da yawa an kawo masa tsohon hoto a ce ya gyara, wai shi kaɗai ne aka ɗauki marigayi tare da jikokinsa, ya duba ya ga riga da hula, babu mutum. Abin da kyamara ba ta kama ba tun farko, ba wanda zai iya dawo da shi yadda yake.

Saboda haka yakan fara juya iyalin su ba rana baya ko gefe, don kada su runtse ido. In akwai darbejiya kusa, ya kai su ƙarƙashin inuwarta mai kauri, ba inda haske ke ɗiga tsakanin ganye ba. Sa'an nan ya kunna fitila, amma ya rage mata ƙarfi, gwargwadon yadda za ta cike inuwar fuska ba tare da ta nuna kanta ba. Ba ya yin nisa da su, gama in aka ninka tazara sau 2, hasken fitila kashi 1 cikin 4 ne kawai ke isa.

To, ina amfanin gilasan da yake ɗaurawa a bakin kyamara? Yawancin kyamarori ba su jituwa da fitila in saurin ƙyaftawarsu ya wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa. A irin wannan sauri, cikin rana tsaka, tilas a matse ƙofar haske zuwa wajen f/11, sai duk wata kwata da tarkacen da ke bayan mutane su fito sarai. In ya ɗaura gilashi mai duhu da ke barin kashi 1 cikin 4 na haske ya wuce, sai ya buɗe ƙofar zuwa f/5.6, baya ya ɗan lafa, hankali ya koma kan mutanen. Ba ya buɗewa fiye da haka ga iyali masu sahu biyu, don kada na baya su yi dishi-dishi. Gilashin nan kuwa yana rage hasken fitilar ma, amma buɗe ƙofar da ya yi yana rama wannan ragin.

Akwai gilashi na biyu, wanda ake murzawa har ya kashe ƙyallin ganye da na gumi a goshi, ya kuma ƙara wa sama shuɗi. Ya fi aiki in rana na gefen mai hoto. Da hunturu kuwa, sa'ad da hazo ya rufe sama, yakan bar shi cikin jaka, domin hazon ya riga ya tausasa hasken.

Duk wannan shiri yakan ci minti 5 ko 10, yara na ƙorafin zafi, maigida na duban agogo don za a tafi kallon hawa. Masu wayar hannu kafin nan sun ɗauki hoto ashirin sun watse. Shi dai ba ya gaggawa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma jikan da ba a haifa ba tukuna ba shi da wata hanyar sanin kakansa sai wannan takarda. Duk maigidan da ya tara iyalinsa a bainar rana, ya kamata ya ba mai hoto waɗannan mintoci, in kuma ya ga an kunna fitila, ya hana yara dariya.