Idan Za Ki Cire Ɗanki Daga Makaranta, Ki Yi Sallama Da Kwamfuta

Yau laifina zan faɗa miki, ko Allah Zai sa ki tsira daga irinsa.

A Islamiyyar da nake koyarwa, ni aka ɗora wa kula da manhajar da muke ajiye bayanan ɗalibai a kwamfuta. Kowane yaro yana da shafinsa: suna, aji, inda haddarsa ta tsaya, kuɗin wata, da lambar wayar iyaye. Idan ɗalibi ya bar makaranta, manhajar takan ba ni zaɓi biyu, ko in goge shafin gaba ɗaya, ko in rufe shi in adana. A lokacin ban ɗauki bambancin a bakin komai ba.

Wata ɗalibata aka yi mata aure tana izu 42, aka kai ta wani gari. Don jerin sunaye ya yi tsaf, sai na goge ta. Bayan shekara biyu sai ga ta da goyo, ta ce maigida ya amince ta ƙarasa izu 18 da suka rage, amma makarantar matan auren can na neman shaida. Na buɗe kwamfuta, babu ita babu alamarta. Ta ce, “Malama, shekara bakwai fa na yi a nan.” Wallahi na rasa bakin magana. Kwana uku na yi ina sauraron karatunta kafin na rubuta mata takarda da hannuna.

Daga nan tsoro ya kama ni, na daina taɓa shafin kowa. Ashe wannan ma kuskure ne. Wani yaro ɗan aji biyu Allah Ya yi masa rasuwa, muka je ta'aziyya, amma shafinsa na nan a buɗe. Ƙarshen wata manhajar ta tura wa mahaifiyarsa saƙon tunin kuɗin makaranta, da sunansa. Ba ta yi faɗa ba, ta dai aiko cewa don Allah a daina. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Yanzu duk wanda zai tafi, sai na daidaita lissafin kuɗinsa, na buga masa sakamakonsa a takarda, na cire lambar iyaye daga jerin saƙonni, sannan in rufe shafin ba tare da na goge ba. Ina kuma ajiye kwafi a wani wuri daban.

Ke ma da naki aikin, 'yar'uwa. Sau da yawa uwa kan janye yaro shiru, saboda ƙaura ko aure ko nauyin bashi. Kada kunya ta hana ki zuwa. Ki taka da ƙafarki, ki ce a nuna miki abin da aka rubuta a kan ɗanki, ki karɓi kwafi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba ki wannan haƙƙi. Idan akwai bashi, a rubuta shi a fili. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Wahalar da yaro ya sha yana tilawa da asuba amana ce a hannunmu, mu da ke. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta, amin.