Daga Kwari Zuwa Gwaram da Jakar Atamfa

Abokina, ka san yadda Kantin Kwari na Kano yake da hantsi, don haka ba sai na ba ka labarin cunkoso ba. Jakar bakko biyu na fito da su: atamfa, leshi, mayafai, da 'yan kwalaben humra da aka naɗe a tsumma. Kayan ɗiyar yayata ne da ke aure a Birnin Kudu. Ba ta da rumfa ko shago, a waya take cinikinta, ta sa hoto a WhatsApp da Facebook, mai so ya yi magana. Da ta ji zan zo zumunci sai ta ce in taho mata da saƙo, ta huta da kuɗin webil, wato ladan da ake ba direba ya kai kaya ba tare da mai su ba.

A tashar Unguwa Uku na fara gane girman abin. Kusan rabin but ɗin motarmu ƙunshe-ƙunshe ne da aka liƙe da salatif, kowanne an rubuta masa lambar waya da sunan gari. Wani yaro ya miƙa wa direba leda, ya ɗauki hoton ledar, ya ɗauki na lambar mota, ya tura wa wani can, sannan ya juya. Shekaru ina shiga tashar nan ban san kasuwa guda ce ke tafiya a bayan kujerata ba.

Mun ƙetare gadar Wudil, muka bi ta Takai, muka wuce Kwanar Huguma inda masu zuwa Dutse ke karkatawa. A kowane zango sai wani ya ɓullo da waya a kunne, ya karanta lamba, a miƙa masa ƙunshi. Ba rasit, ba sa hannu.

Birnin Kudu da duwatsu take fara yi maka sannu da zuwa. A cikinsu akwai Dutsen Habude, mai zanen shanu da mutanen zamanin da suka yi a jikin dutse, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihi na ƙasa. Nan ne kwalejin gwamnati da Aliko Ɗangote ya gama a 1978, ga kuma babban asibitin tarayya. Ni tarihi na gani, ɗiyar tawa kuwa masu saye ta gani: ma'aikatan jinya da malaman makaranta, masu albashi waɗanda ba su da sukunin zuwa Kano don turmi ɗaya.

Bayan la'asar ta zazzage kayan a tabarma. Ban ga ta yi ɗokin ɗaukar hoto ba. Sai da ta warware kowane turmi, ta ɗaga shi a hasken tsakar gida, tana bin gefensa da yatsa tana neman tabo ko inda zare ya zame. Wani leshi da ya fi hotonsa duhu ta ajiye shi gefe, ta ce gara ta sake ɗaukarsa a rana da a kai wa mutum abin da bai gani ba. Daga nan ta jawo littafi mai bangon kwali irin na 'yan makaranta. Duk wanda ya taɓa sayen ko ɗankwali a hannunta yana ciki, da lambarsa da garinsa da abin da ya rage a kansa.

Na ce, “Ke da komai naki ke cikin waya, me ya kai ki wahalar biro?”

Ta ce, “Kawu, waya ai aron ta muke yi. Ran da masu ita suka rufe, ina zan ga mutanena?”

Ta tuna min daren 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya wajen awa shida. Ni a daren barcina na yi, ita kuwa kwana ta yi tana tunanin kuɗin mutane da ke hannunta. Washegari ta sayi littafin. Ga satar waya, ga masu kiran mutum su yaudare shi ya faɗi lambar sirri su ƙwace masa WhatsApp, su bi abokan cinikinsa da sunansa suna karɓar kuɗi. Shi ya sa ta sanar da kowa cewa asusunta ɗaya ne, in an turo wani dabam a kira ta a ji muryarta.

Mun daɗe a kan zancen alat na bogi. An taɓa turo mata hoton shaidar biya, tsaf da sunanta da komai, ta saki kaya, kuɗi bai shigo ba har yau. Tun daga ranar ba ta kallon hoton da aka turo, sai ta buɗe asusunta ta gani da idonta, ko da mai sayen 'yar uwa ce. Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta yi wuya, kowa ya koma tiransifa, intanet na yankewa, kuɗi ya bar can bai iso nan ba. Ta ce a watannin nan ta koyi riƙe layi biyu na kamfani daban-daban. Sai ga janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu na shekarar, kuɗin mota ya tashi, farashin Kwari ya riƙa sauyawa tsakanin sa hoto da zuwan mai saye. Yanzu ba ta yanke farashi sai ta kira dilanta. Jarinta kuma kashi uku ne: ɗaya a kaya, ɗaya a adashi, ɗaya a akuyoyi biyu da na gani ɗaure a bayan ɗaki. Na jinjina wa wannan tsari, don na san manyan 'yan kasuwa da gobara ɗaya ta durƙusar saboda komai nasu na rumfa guda.

Kashegari na bi ƙaninta zuwa Gwaram da kayan lefen wata amarya. Irin wannan saƙo ba ta yarda a ba direba, sai ɗan gida. Muka bi ta Sara, garin da kasuwarsa ta yi suna a wannan yanki, gonakin dawa da riɗi hagu da dama, har ƙasar ta fara kama da ta Bauchi da ke maƙwabtaka. A hanya wayata ta yi ta ɗaukewa tana dawowa. Direban ya nuna min inda ruwa ke cin gefen titi, ya tuna daminar 2021 da ambaliya ta karya gada a hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka, aka rasa rayuka. Allah Ya ji ƙansu. A nan na fahimci abin da ya sa ɗiyata ba ta yi wa kowa alkawarin rana a watan Agusta, kuma kowane turmi sai ta sa shi a leda biyu.

A gidan amarya an shimfiɗa tabarma a zaure, gwaggon yarinyar ta fito da wayarta, tana ɗaga kowane zani tana gwada shi da hoton da aka turo mata. Ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Da ta gamsu ta aika jikanta wurin mai POS a bakin titi ya tura cikon kuɗin. Yaron namu bai motsa ba, ruwan da aka kawo mana ma bai gama sha ba, sai da yayarsa ta kira daga Birnin Kudu ta ce kuɗi ya shigo. Sannan muka yi sallama, muka nufi tasha kafin motar ƙarshe ta cika.