Hoton Sallah: Haske, Zama da Tsayin Kyamara

A wannan wata ina so in yi magana a kan sana'ar da na daɗe ina cin abinci da ita, wato ɗaukar hoto a sutudiyo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani kuka da nake yawan ji daga mutanenmu. Mutum ya sa kayan Sallah, ya biya kuɗinsa, amma da hoto ya fito sai ka ga riga ta yi fes, fuska kuwa ta dushe, ko mai ita da ƙyar yake gane kansa. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, don hoton nan shi za a aika wa dangi na nesa, shi za a rataya a bango, kuma bayan ran mutum da shi jikokinsa za su san kamanninsa.

Samari masu sababbin kyamarori sukan ce laifin na'ura ne. A iya abin da na gani, abu uku ne ke gyara hoto ko su ɓata shi: inda haske ya fito, yadda aka zaunar da mutum, da tsayin da aka ajiye kyamara.

Mu fara da haske. Filas ɗin da ke manne a kan kyamara yana dukan fuska ne kai tsaye, sai goshi da hanci su yi ƙyalli, ga baƙar inuwa a jikin labule. Abin da nake yi shi ne in ajiye babbar fitila a gefe guda, tsakanin gaban mutum da kafaɗarsa, sama da kansa kaɗan. In ta zauna daidai, za ka ga ɗan haske mai kusurwa uku a kumatun da ke ɗaya gefen, ƙarƙashin ido. Masu sana'a suna kiransa hasken Rembrandt, da sunan wani mai zane ɗan ƙasar Holan. A gefen inuwa kuma sai in jingina farin allo ko in rataya farin zane, ya maido da haske kan fuska. Fitila tsirara haskenta kaifi gare shi, amma in ka bi da shi ta farar lema ko farin yadi sai ya yi laushi, fatarmu ta fito da kyaunta.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowane mai hoto ya riƙe. Fitilar da ke mita 1 daga mutum, in ka mayar da ita mita 2, kashi ɗaya cikin huɗu na haskenta ne kawai zai kai gare shi. Saboda haka in iyali guda suka zo, sahu biyu ko uku, ka janye fitila nesa ka ƙara mata ƙarfi, don na gaba da na baya su sami haske kusan ɗaya. Ka kuma bar kamar mita 2 tsakanin mutum da labule, inuwarsa ta faɗi ƙasa.

Maganar farar riga da baƙar fuska kuwa tana da dalili. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara, ko ta fim ko ta waya, in ya ga farar babbar riga ta cika wuri sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage shi. Fuska ce ke biyan bashin. Magani shi ne ka auna hasken a kan fuska, ko ka ƙara shi mataki ɗaya da hannunka. A zamanin fim mai launi abin ya fi haka tsanani, domin tun shekarun 1950 masu wankin hoto suna daidaita launi ne da wani katin gwaji na kamfanin Kodak mai ɗauke da hoton baturiya. Sai a 1995 kamfanin ya fitar da kati mai mata uku masu launin fata daban daban.

Duk da haka magabatanmu a wannan sana'a sun yi aikin da duniya ta yaba. Seydou Keïta na Bamako ya buɗe sutudiyonsa a 1948, yawancin hotunansa kuma da hasken rana ya ɗauke su a tsakar gida, sau da yawa ɗauka ɗaya tak ga kowane mutum saboda tsadar fim. Ya rasu a 2001, amma har yau ana baje hotunansa a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. Duk wanda ya dube su zai ga mutumin ya san zaunar da jama'a.

To, ga yadda nake zaunar da nawa. Ba na barin mutum ya fuskanci kyamara sak kamar mai hoton fasfo. Nakan ce, "Alhaji, a ɗan juya kafaɗa wajen fitila, a dawo da fuska gare ni." Sai in roƙe shi ya ɗan miƙo haɓa gaba, ya sauke ta kaɗan. Mai rawani ko hula mai faɗi, inuwa takan rufe masa ido, sai in sauko da fitila ko in ɗora masa farin kwali a cinya. Mai tabarau, a ɗaga fitila sama har ƙyallin ya bar gilashi. Amarya kuwa nakan ce, "Hajiya, a ɗora hannu ɗaya kan ɗaya a bisa gwiwa," don lallen da aka kwana ana yi ya fito. Hankici mai tsabta ba ya rabuwa da teburina, saboda gumi da man shafawa su ne ke sa goshi walƙiya.

Saura tsayin kyamara. In hoton kai da kafaɗa ne, ka ajiye ta daidai idon mutum. In rabin jiki ne, daidai ƙirji. In daga kai har ƙafa ne, ka sauko da ita wajen ƙugu. Mai hoto dogo da ya tsaya a kan dattijon da ke zaune ya ɗauko shi daga sama, zai fito da shi da ƙaton kai da 'yan gajerun ƙafafu. Yara ma a durƙusa musu, a zo daidai idonsu. Kada kuma ka matso da kyamara dab da fuska, don hanci zai kumbura, kunnuwa su ɓuya. Ka ja baya kamar mita 2, ka jawo mutum da zum, ko ka sa gilashi mai milimita 85.

Ku kuma masu zuwa a ɗauke ku, kuna da haƙƙi. Yanzu da kyamarori ke nuna hoto nan take, ku ce a nuna muku kafin ku tashi daga kujera. In fuska ta yi duhu, ku ce a matsar da fitila a sake. Mai hoton da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba, minti biyu ne kawai.

Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya sa albarka a sana'ar kowa. Sai wata mai zuwa in Allah ya yarda.