Kwamfuta ta ƙirga bulo, amma wa zai gaya mata kuɗin tifa?

Duk wanda ya shiga sashen ƙiyasin gine-gine ya san takardar awo mai layuka huɗu, ya san yadda ake kwana da sikeli da kalkuleta ana fitar da adadin bulo da kankare daga zane. Yanzu kuwa hirar da ake yi a bakin aji ta PlanSwift ce da CostX da Bluebeam. Wasu har cewa suke, "Shi ke nan, kwas ɗinmu ya mutu, manhaja ta karɓe aikin." Ni ban yarda ba, kuma dalilina daga wata huɗun SIWES na samo shi, wajen kawuna, ƙaramin ɗan kwangila mai gina ajujuwa da shaguna tsakanin Wurno da Goronyo, jefi-jefi har Rabah.

Bari in fara ba manhajar haƙƙinta. Za ka loda zanen a matsayin PDF, ka nuna mata tsawon wani bango da ka sani don ta daidaita sikeli, sai ka bi bangaye da maus. Ajin da ke da mita 8 da mita 7, tsayi mita 3, bangonsa murabba'in mita 90 ne. Bulo inci tara guda 10 ke shiga kowane murabba'i, ka ga 900 ke nan kafin a cire ƙofa da tagogi. Wannan kowa zai yi da biro. Amma a ce ajujuwa shida ne da ofis da baranda, sannan mai aikin ya ce a ƙara faɗin barandar? Da hannu sai ka sake yini, manhaja kuwa kafin shayi ya huce ta gyara bulo da fulasta da fenti gaba ɗaya. Kawu da ya gani sai da ya cire hula.

Sai dai zanen da ake ba irinsu Kawu ba daga AutoCAD yake fitowa ba. Hoton fotokwafi ne a WhatsApp, an ɗauka a karkace, wani lokacin da yatsan mai ɗaukar a gefe. Ka daidaita sikeli a tsaye, a kwance ya ƙi. Dole ka koma ga lambobin da aka rubuta a jikin zanen, wato dai darasin nan na shekarar farko da muke rainawa. Wani aikin ma babu zane, mai shago ne zai ja layi da ƙafa a ƙasa. Ga kuɗin lasisi da dala, ga wuta.

Babbar maganar ita ce farashi. Ranar da na kai wa Kawu lissafin wani aiki a gefen Goronyo, bai kalli adadin bulo ba. Cewa ya yi, "To ɗana, mi na'urar taka tac ce game da ƙasar wurin?" Tun da aka kammala madatsar Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, rayuwar yankin ta rataya a kan ruwa, kuma ambaliyar 2010 ta nuna wa mutane inda ruwa ke bi in ya fusata. Filin da ke kusa da fadama laka ce, tana kumbura da damina, ta tsage da rani. Zanen ya ba da zurfin fandisho iri ɗaya ko'ina, amma magini na gari ya san a nan sai an ƙara zurfi, an ɗaga daɓe, an yi ciko da marmara. Tifa nawa? Daga wane rami? Babu maɓallin da zai ba ka wannan amsa.

Haka siminti. A Kalambaina ake yin sa, nan kusa da Sakkwato, amma buhun da ya sauka a Achida da wanda ya shiga ƙauyen Rabah ba kuɗinsu ɗaya ba. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, a farkon 2024 kuma buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Wanda ya sa hannu kan kwangila da tsohon farashi, aka kuma ja masa biya, daga aljihunsa ya cike. Ga matsalar tsaro: akwai hanyoyin da direba ba ya bi bayan la'asar, in ya yarda ma sai ya ƙara kuɗi. Lebura kuma, lokacin cirar albasa da tafarnuwa a Wurno fadama ta fi shi riba, sai ka ƙara masa ko ka yi kwaɓi da kanka.

Kawu duk wannan a kansa yake, ba ya rubutawa, kuma nan ne nake ganin manhaja ta fi shi. Yakan manta da ɓarnar bulo wajen sauke kaya, ko wayar ɗaure rodi, ƙananan abubuwan da ke cinye riba shiru. Shi ya sa muka raba aiki: ni awo, shi farashi. Na buɗe fayil ɗin Excel, kowane gari da shafinsa, tifar yashi da ta tsakuwa, bandir ɗin kwano, rodi mai mita 12, kuɗin birkila na yini, kowanne da ranar da aka tambaya. Kawu da farko cewa ya yi ina tona masa asirin sana'a. Yanzu shi ke bugo waya ranar kasuwa, "Rubuta, kwano ya hau."

Shafi uku gare ni zuwa yanzu: Wurno, Goronyo, Rabah. Ɗan Illela ko Tambuwal ko Gwadabawa da zai je gida hutun nan, don Allah ya tsaya wajen mai tifa da mai buga bulo ya tambayo, ya rubuta kwanan wata. In an dawo mu haɗa a ɗakin zane.