Shekarar da allura ba ta ishi kowa ba

A watan Afrilun 2015 sanƙarau ya shiga Yamai da ƙarfi, har gwamnati ta rufe makarantu na ƴan kwanaki. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a Nijar tun 2010 nau'in A kaɗai take karewa. Wannan karon nau'in C ne ya fi yawa, allurarsa kuma ta yi ƙaranci a duniya baki ɗaya. Ɗan abin da aka samu, aka ce a fara da yara masu shekara 2 zuwa 15.

A takarda tsarin ba shi da aibi, tunda cutar ta fi kama wannan rukuni. A cikin gida kuwa, wani abu ne daban. Ɗana na fari yana da shekara 16 a lokacin, tabarma ɗaya yake kwana da ƙannensa biyu. An yi musu, shi ba a yi masa ba. Ya ce mini: «Baba, cutar tana duba takardar haihuwa ne?» Har yau ban samu amsar da za ta gamsar da shi ba.

A irin wannan tsoron ne ƴan kasuwa suka samu ƙofa. Wani maƙwabcina ya zo ya ce ya san mai sayarwa, in kawo kuɗi a zo har gida a yi wa yaron. Na ƙi. Allurar rigakafi sanyi ke riƙe ta. Wadda ta yini cikin aljihu a zafin Afrilu, ko da ta gaske ce, wa zai ba ka tabbacin tana aiki? Balle a watan Mayu OMS ta yi gargaɗi cewa jabun Mencevax na yawo a Nijar. Uban da ya sayi irin wannan ya fi ni shiga haɗari: hankalinsa ya kwanta, in yaro ya ce wuyansa ya sanƙare sai ya ce ai an yi masa allura.

Mu da ba mu samu ba, ido muka sa. Zazzaɓi, ciwon kai, amai, sai likita a ranar, ba a jiran gobe. Na raba wa yaran wurin kwana, na buɗe tagogi duk da ƙura.

Annobar ta ci rai sama da 500 kafin damina ta sauka ta lafa. Ɗana yana cikin waɗanda Allah ya tsare.