Askar Mahaifina

Mahaifina yana cikin samarin ƙasar Zuru waɗanda suka tafi yaƙin Bama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya komo gida a 1946 da akwatin ƙarfe, da bargo, da aska irin ta Turawa wadda ake naɗewa. A jikin ƙarfenta an rubuta Sheffield, wato wani gari na ƙasar Ingila wanda ya yi suna wajen ƙirar wuƙaƙe. Kowace Asabar da yamma yakan zaunar da mu a gindin ɗorawa ya aske mana kai, ɗaya bayan ɗaya.

Da ya rasu aka raba gado, askar ta faɗo hannuna. Na ajiye ta shekaru da yawa. Ran nan jikana ya ɗauko ta ya yar a kan siminti, sai mariƙin ya tsage biyu. Matata ta ce a jefa ta masai kafin ta yanke wani. Ta faɗi gaskiya, gama mariƙin aska shi ne kubenta. In babu shi, kaifin yana waje dare da rana. Amma zuciyata ba ta yarda ba.

Da fari na ce zan gyara da kaina. Na fafe itace biyu, na sami ƙusa, na buga da guduma sau uku. Itacen ya dare, saura kaɗan in rasa yatsa. Sa'an nan na kai ta wurin wani tsohon wanzami a Rikoto.

Ya juya ta, ya gwada bakin a kan farcensa, ya ce, “Ɗana, ƙarfen nan da sauransa. Amma kada ka yarda kowa ya sa shi a wuta domin ya cire tsohuwar ƙusa. In ya yi ja, kaifinsa ya tafi ke nan har abada.”

Na ce, “To, Baba, yaya za a yi?”

Ya aike ni mahauta in sayo ƙahon sa. Ya tsaga shi, ya dafa cikin ruwa har ya yi laushi, ya danne shi tsakanin katako biyu da dutse a bisa, ya bar shi kwana uku ya miƙe. Ya ɗora tsohon mariƙin a kai ya zana, ya yanka falle biyu daidai da juna. Tsohuwar ƙusar kuwa, da magagari ya goge kanta a hankali har ta fita. A ƙarshen mariƙin ya sa ɗan guntun ƙaho tsakanin fallen biyu, domin ƙarfen ya sami wurin kwanciya.

Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Da ya zura sabuwar ƙusa ta tagulla, bai ɗauki guduma ba. Da ɗan ƙaramin ƙarfe ya yi ta ƙwanƙwasa kanta, yana buɗe askar yana rufewa. In ƙusa ta matse ƙwarai, ƙaho ya tsage. In ta yi sako-sako, aska ta riƙa lilo a hannu. In kuma ta karkace, bakin ya bugi ƙaho ya yi giɓi. Nan na ga kuskurena: ni bugu uku masu ƙarfi na yi, shi kuwa ya yi wajen ɗari marasa ƙarfi. Daga baya ya wasa ta a dutse da fata, ya shafe ƙahon da man kaɗe.

Da na kawo ta gida jikana ya ce in aske masa kai kamar yadda aka yi mini. Na ƙi. A zamanin mahaifina ba a san cewa ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini a bakin aska ba. Yanzu mun sani, saboda haka kowa da tasa. Gemuna kaɗai take taɓawa.

Na dai yi wa yaron alkawari, ran da ya fara gemu za a tsarkake ta, a wasa, ta zama tasa. Kafin ranar nan, tana cikin akwatin ƙarfen, mabuɗin kuwa yana aljihuna.